Birkinka na kuka? Fara saurarawa kafin ka kai wa makaniki

Duk mai tuƙi a Legas ya san ƙafarsa ta fi daɗewa a kan birki fiye da totur. Ka taso daga Agege za ka Obalende, gosulo tun daga Oshodi, ga 'yan danfo suna shigo maka ba sigina, taka saki taka saki har ka sauka daga gadar Third Mainland, to ta yaya fad, wato takalmin birkin da ke matse taya ta tsaya, zai yi ƙarko? Amma fa ba kowane kuka ne ke nufin fad ya ƙare ba, ni na sha biyan kuɗi a banza kafin na gane haka.

Ka samu layi mara cunkoso, kashe rediyo, sauke gilas, ka yi tafiya a hankali kana taka birki. In kukan na safe ne kawai, musamman da damina bayan mota ta kwana cikin ruwa ko ka ratsa ambaliya jiya, tsatsa ce ta kwanta a fuskar dis, wato faifan ƙarfen da fad ke matsewa, taku kaɗan za ta goge. Wannan bar shi. In kuma wani siririn fito ne kiiii da ya ƙi tafiya, yawancin fad suna da ɗan ƙarfe a gefe wanda da gangan aka sa shi ya riƙa gogar dis in fad ya kusa cinyewa, wato motar ce ke ce maka oga shirya kuɗi. Wanda ba a wasa da shi shi ne gurrr ɗin nan kamar ana niƙa a inji, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, fad ya tafi gaba ɗaya, duk takun da ka yi dis kake sassaƙewa, kuma kuɗin dis ya fi na fad nesa ba kusa ba. Sai dai wani lokacin tsakuwa ce kawai ta maƙale tsakanin dis da farantin da ke bayansa, ita ko ba ka taka birki ba za ka ji ta.

Ƙwas ƙwas in ka taka, duba notinan kalifa (ƙarfen da ke matsa fad a jikin dis) da 'yan kilif ɗin da ke riƙe fad. Sitiyari na rawa in ka taka a guje, fuskar dis ce ba daidai ba, ko a kankare shi a inji ya daidaita ko a canja. Gunji kuwa da ke ƙaruwa da gudu ba ruwansa da taka birki, wannan boris ɗin taya ne, kar wani ya sayar maka da fad.

In za ka duba da kanka, ka tsaya a wuri mai daidai, ja hanbirki, sa dutse a bayan taya, ka sassauta notina tun taya na ƙasa sannan ka ɗaga. Kuma don Allah kar ka yarda da jak shi kaɗai, tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, in ya sauko 3 a canja, kuma hagu da dama tare ake yi. Abin da makanikai da yawa ke tsallakewa shi ne fin guda biyu da kalifa ke zamewa a kansu. In ka ga fad na ciki ya cinye na waje yana nan da sauransa, fin ɗin ne suka ƙame. A zare su a goge a sa giris na birki, ba giris ɗin boris ba don yana kumbura roba, kuma kar ko ɗigo ya taɓa fuskar fad ko dis.

Wajen saye, in za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo tafi da tsohon fad ɗin a leda ka gwada su gefe da gefe. Ni kam ba na sayen fad tokumbo, wato na hannu, kuma mai arhar nan da za a ce maka duk ɗaya ne shi ne zai fara kuka sati bai cika ba.

Bayan an ɗaura, kar ka sa giya sai ka dinga taka birki a tsaye har ya yi tauri. Na taɓa ganin wani yaron gareji ya manta, ya ja mota baya, fedan birki ya tafi ƙasa fayau, saura kaɗan ya kwashe teburin mai shayi, ogansa na ihu. Kwanakin farko ka riƙa takawa a hankali fad ya zauna. Ka leƙa man birki ma, a murfin an rubuta DOT 3 ne ko DOT 4. In feda yana laushi kamar soso, ko dai iska ta shiga a yi bilidin a fitar da ita, ko mai na yoyo, wannan motar kar ta hau titi, kira makanikin ya same ka a gida.