Igiyar rai daban, igiyar kaya daban: yadda nake zaɓen igiyar aikin bishiya

Da zarar hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni, wayata ba ta hutawa. Wannan ya kira daga Badariya, iska ta karya reshen dogonyaro ya rataye bisa kwanon ɗakinsa. Wancan daga Gesse, mangwaron tsakar gida ya jingina da katanga. Shekara 14 ke nan ina wannan aiki a Birnin Kebbi da kewaye, har Jega da Argungu da Zuru ana kirana. Kusan duk inda na je sai na tarar wani saurayi mai ƙarfin hali ya riga ni hawa, ɗaure da shuɗiyar igiyar roba irin wadda ake ɗaure kaya a bayan mota. Gabana faɗuwa yake duk lokacin da na gani, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mai aikin bishiya igiya biyu yake buƙata. Ɗaya igiyar rai, wadda ke riƙe da shi a sama. Ɗaya igiyar kaya, wadda ake ɗaura wa reshe a sauke shi a hankali don kada ya fasa rufi ko ya tsinka wayar wuta. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya ji ƙansa, ranar farko da na miƙa hannu zan ɗauki igiyar kaya in hau, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, igiyar da ta ɗauki icce ba ta ƙara ɗaukar mutum." Na ce, "Baba, ai lafiyarta ƙalau." Ya ce in zauna ya nuna mini. Ya yanka bakinta ya buɗe, sai ga zaren ciki ya ƙanƙance ya yi tauri, alhali waje sumul. Duk lokacin da gungume ya faɗo igiya ta cafe shi, fizgar nan tana cin ƙarfinta daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Igiyar hawa idan ta tsufa ana iya mayar da ita ta jan ƙananan rassa. Ta kaya kuwa ba ta komawa ta hawa har abada. Ni launinsu ma daban nake saya, ta rai mai ruwan lemo, ta kaya fara, don ko yaron aikina na ƙasa ba zai rikita su ba.

Shuɗiyar igiyar kasuwa, wadda masana ke kira folifurofilin, tana da amfaninta. Masunta a Yauri suna son ta saboda ba ta nutsewa a ruwa, ga araha. A kan bishiya kuwa illarta uku. Tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 165 ba, alhali foliyesta, wani zaren da ake yin igiya mai inganci da shi, sai ya kai wajen 250. Rana tana cin ta, kuma kowa ya san ranar Afrilu a Kebbi. Ta yi wata biyu a waje za ka ga tana zubar da gari in ka murza. Sannan tana da santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta. Na ga aikinta da idona a wani gida a Jega. An naɗe ta sau uku a gindin madaci ana sassauta wa wani babban reshe, gogayya ta ɗumama ta, muka ji warin roba, kafin a ce wani abu ta rabu biyu. Reshen ya sauka kan rumfar awaki. Allah ya kiyaye babu mutum a wurin. Idan mai shago ya ce maka igiyarsa foliyesta ce kana shakka, yanki guntu ka jefa a bokitin ruwa, ka danna shi ya jiƙe. Foliyesta da nailan nutsewa suke yi, ta roba tasowa take.

Igiyar rama da ta kaba, da su iyayenmu suka yi aiki, ban raina su ba. Sai dai babu wanda zai gaya maka nauyin da za su ɗauka, kuma damshi da gara suna cin su a ɓoye.

To wace ce ta hawa? Nemi igiya mai hanji da riga, wato zaren ciki da saƙa ta lulluɓe shi, wadda ba ta da talewa sosai. A bakinta akwai 'yar takarda da aka manne. Abin da nake nema a kai shi ne EN 1891, da harafin A. Wannan ma'aunin Turai ne, kuma ma'anarsa an gwada ta ba ta tsinke ba sai da nauyi ya kai aƙalla 22 kN. Kowane kN ɗaya kusan kilo 100 ne, ka ga sama da tan 2 ke nan. Mai harafin B ta fi rauni, bar ta. A Amurka ƙa'idarsu ta masu aikin bishiya, ANSI Z133, ta ce igiyar hawa kada ƙarfinta ya gaza nauyin fam 5,400, kusan 24 kN. Za ka ce mutum mai kilo 70 me zai yi da tan 2? Ƙulli kaɗai yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, tsufa ya ci nasa, sannan in ƙafarka ta zame ka faɗo ko da tsawon gaba guda ne, nauyin da zai hau igiyar ya ninka naka sau da yawa.

Akwai wata mai kama da ita da aka rubuta wa EN 892. Ta masu hawan duwatsu ce, an yi ta ne ta tale kamar danƙo. In ka hau bishiya da ita, kana ja tana miƙewa, ƙarfinka ya ƙare a banza, kuma ba za ka tsaya cak ba lokacin da injin yanka ke hannunka.

Kauri tsakanin milimita 11 da 13. Wanda ke hawa da ƙullin hannu kawai, kamar yawancinmu, ya ɗauki mai kauri, 12.5 zuwa 13, ta fi cika hannu kuma ƙulli ya fi kama ta. Mai na'urar hawa ta ƙarfe ya duba jikin na'urar, an zana kaurin da take karɓa, kada ya saɓa. Tsawo kuwa, tunda igiya kan haye reshe ta dawo gare ka, auna tsayin bishiya ka ninka biyu ka ƙara. Tawa mita 45 ce, ta ishe ni duk dogonyaro da madacin da na taɓa hawa.

Ba a samun irin wannan a shagon kayan gini na unguwa. Ni daga masu sayar da kayan kariya a Kano ko Abuja ko Legas nake sawa a kawo mini, waɗanda ke sayar wa masu hawan turakun sadarwa. Kamfanoni irin su Teufelberger, Marlow, Samson, Yale da Petzl sanannu ne. Jabu ma akwai. Igiyar EN 1891 ta gaskiya tana da wani siririn ƙyalle a cikin hanjinta, ɗauke da sunan kamfani da shekarar da aka yi ta. Ka ce a yanka maka kamar tsawon yatsa a buɗe ka gani. Ta gwanjo kuma, ko kyauta aka ba ka kada ka rataya ranka a kai, don ba ka san abin da ta gani ba. Na san kuɗin sabuwa yana da zafi. Ni ma sai da na tara kuɗin aiki da yawa kafin na sayi ta farko.

Ban da doguwar, kana buƙatar gajeriyar igiyar ƙugu da ke zagaye gindin bishiya. Ga giginya da turare, masu miƙewa sambal, mai waya a ciki ta fi daɗin cillawa kuma ta fi jure kaifin zarto, ko da yake inji yana iya yanka ta. Kusa da wayar wuta kada ka kusanto da ita ko kaɗan.

Igiyar kaya lissafi take so. Ɗanyen icce ya fi yadda ido ke gani nauyi. Gungume mai faɗin santimita 40 da tsawon mita 1 yana iya haura kilo 100, buhun shinkafa biyu ke nan. Ƙa'idar da nake bi, abin da aka rubuta a jikin igiya in raba goma. Mai 40 kN, kusan tan 4, ba na ɗora mata fiye da kilo 400, kuma wannan idan kayan zai rataya ne a hankali. Idan sai ya faɗo kafin igiya ta cafe shi, kamar lokacin da ake datse kan bishiya, ina rage girman yankan sosai. Gara in yi yanka goma ƙanana da in yi uku manya. Milimita 12 ko 14 ta isa rassan gida, 16 ga manyan gungumai.

Saƙarta ta danganta da yadda kake aiki. Idan kana da fuli, 'yar tayar nan mai kwari da igiya ke bi ta kai, sayi foliyesta mai saƙa cikin saƙa. Tana da ƙarfi da laushi. Faɗin fulin ya kai kaurin igiya sau huɗu. Ka kuma tuna reshen da ka rataya fulin yana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyin kayan, don ana jan sa ta gefe biyu. Idan kuwa ta kan gwafar reshe kake zura igiya, ka naɗe a gindi, kamar yadda aka fi yi a nan, saƙa cikin saƙa ba ta son haka, rigarta na gogewa ta bar hanji. Mai tufka uku ta foliyesta ta fi jure ɓawon bishiya, ga sauƙin kuɗi. Nailan yana shanye fizga da kyau, amma yana talewa har kaya ya taɓa rufin da kake kare wa, kuma ƙarfinsa na raguwa in ya jiƙe. Akwai wata siririya mai tsananin ƙarfi, Dyneema, da wasu ke sha'awa. Ba ta talewa kusan ko kaɗan, kuma tana narkewa a wajen digiri 150, don haka ba ta dace da naɗi a gindi ba.

Kowace safiya kafin in hau, ina bin igiyar rai da hannu daga baki zuwa baki. Ina neman wurin da ya yi ƙyalli da tauri, alamar ƙuna, ko wurin da ya kumbura, ko ya lotse, ko zare ya tsinke. Ƙurar hunturu tana shiga saƙa tana yankan zare, shi ya sa nake wanke su da ruwa zalla in shanya a inuwa. Ajiya a jaka, a rataye, nesa da ɓera da fetur, musamman ruwan batir, wanda ke kashe nailan ba tare da wata alama ba. Yawancin kamfanoni ba sa yarda igiya ta wuce shekara 10 ko ba a taɓa amfani da ita ba. Mai aiki kullum ba za ta kai ko kusa da haka ba. Ranar da na yanke wa igiya hukunci, a ranar nake daddatsa ta gaba biyu-biyu in raba wa maƙwabta su ɗaure tumaki, don kada wani yaro ya tsince ta da tsawonta ya hau da ita.