Masu gona a kan faƙo, kada ku bar ta

Salamu alaikum 'yan uwa. Faƙon nan na kewayen Marwa a arewacin Kamaru, wanda Fulani ke kira harde, bai mutu ba, ruwa ne ba ya shigarsa. Tun da rani, kafin ruwan Yuni, ku haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na kallon tudu inda ruwa ke gangarowa. Ƙasar da kuka fitar ku tara ta gefen gangare, ku zuba takin shanu a cikin ramukan. Aiki ne mai karya ƙugu, gara a yi gayya.

In gawo ya tsiro, don Allah a bar shi, a kewaye shi da ƙaya don kare shi daga awaki. Da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa dawa rana.