Kurakuran da ke sa sabon mai amfani da CPAP ya ajiye ta tun ba a je ko'ina ba

Wanda gwajin barci ya nuna numfashinsa na ɗaukewa, aka ce ya nemi na'urar CPAP, da murnarsa yake komawa gida, yana ganin gobe zai tashi garau, iyali su huta da minshari. Bayan mako biyu sai ka tarar an mayar da na'urar jakarta an ɗora saman kwaba. In ka tambaya, amsar ba ta wuce "ba ta karɓe ni ba." Galibi ƙananan abubuwa ne suka taru suka kore shi, kuma kusan dukansu suna da gyara.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro kan saki, hanyar iska ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Wanda hakan ke faruwa gare shi fiye da sau 30 a awa guda, likitoci na lissafa nasa cikin mai tsanani. Na'urar tana zuƙar iskar ɗaki ne, ta tace ta, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, da ƙarfin da zai riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba oksijin take bayarwa ba, kamar yadda wasu ke zato. Wani likita a Sidni ta Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, aka buga sakamakon aikinsa a 1981.

Kuskuren farko shi ne mutum ya bari sai ya kwanta, an kashe fitila, sannan ya ɗaura takunkumin karon farko. Dole ya ji kamar an shaƙe shi. Da rana ake sabawa da shi. Bayan la'asar, kana zaune kana jin rediyo, riƙe shi a fuska da hannu ba tare da madauri ba. Kashegari ka ɗaura madaurin, daga baya ka kunna na'urar na rabin awa idonka biyu. Yawancin na'urorin na da tsarin da ke fara turo iska a hankali daga lamba 4, tana ƙaruwa har barci ya ɗauke ka. Wannan na taimakon wasu, amma akwai wanda ƙarancin iskar ne ma ke sa ya ji numfashi bai ishe shi ba. In kana cikinsu, a rage tsawon lokacin ko a ɗaga lambar farawa. Wanda kuma fitar da numfashi ke yi wa nauyi, akwai saitin da ke sassauta iskar daidai lokacin da yake fitarwa, sai ya nemi a kunna masa.

Inda aka fi shan wahala shi ne takunkumin kansa. Da an ji iska na tsiyaya tana hura ido, sai a ja madauri a ƙara tamkewa. Da safe ga shatin roba a kumatu, karan hanci ya yi ja, wani har ya saluɓe, iskar kuma ba ta daina fita ba. Dalili shi ne robar da ke taɓa fuska an yi ta ne don iska ta kumbura ta, ta manne da kanta. In ka matse ta sai ta lanƙwashe ta buɗe kafa. Kwanta yadda ka saba kwanciya, kunna na'urar, ɗaga takunkumin kaɗan daga fuska ka mayar, sannan ka ja madaurin daidai inda tsiyayar ta tsaya, kada ka ƙara. Wanda ya daidaita shi a zaune gaban madubi zai sake aikin da ya kwanta, don fuska na sauya zama a kan filo.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai rufe hanci kawai, akwai mai ƴan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci, akwai babba mai haɗa hanci da baki. Mai gemu da gashin baki da wuya babban ya zauna masa, ba sai ya aske ba, ƙaramin nan na ƙofar hanci ya fi dacewa da shi. A ganina mai sayarwar da ya miƙo maka takunkumi ɗaya a leda bai bari ka gwada ba, rabin ciniki ya yi maka.

Kada a shafa basilin ko wani mai a fuska dab da kwanciya, yana sa robar santsi yana kuma lalata ta. A wanke fuska, a bar shafa mai sai da safe. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƴan ƙananan hujojin da ke jikin takunkumin, inda iska ke fita kullum. Wasu na ɗauka ɓaci ne su liƙe su da salatif. Ta nan iskar da ka fitar take ficewa, in ka toshe su ita za ka riƙa sake shaƙa.

Sai bushewar baki da hanci, wadda hunturu ke ninkawa. Ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar don haka aka yi shi, yana ɗumama ruwa ya jiƙa iskar, sai a ƙara lambarsa lokacin sanyi. Tataccen ruwan da aka samu ta hanyar tururi, irin na kantin magani, shi masu ƙera ta ke cewa a zuba. Ruwan burtsatse ko na famfo na barin farin ƙanzo a gindin tankin. Ruwan batir na bakin titi kuwa a bar shi inda yake, ba ka san me aka gauraya a ciki ba. A zubar da ragowar kowace safiya. In ka ji ruwa na ƙugi cikin tiyo, tururi ne ya huce ya koma ruwa, sai ka rage lambar kaɗan ka ajiye na'urar ƙasa da inda kanka yake. Idan duk da haka kana tashi maƙogwaro a bushe ƙamas, alama ce bakinka na buɗewa cikin barci iskar na bi ta nan ta fice. Madaurin haɓa ko babban takunkumi ke maganin wannan, in kuma toshewar hanci ce ke sa ka buɗe bakin, ita za a fara yi wa magani.

A bayan na'urar ko gefenta akwai ɗan farin filta. A ƙurar Disamba da Janairu duba shi kowane mako, in ya yi ja a sauya. Kuma tun da duk abin da ke ɗakin shi take turo maka, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa duk a gama da su, ɗaki ya sha iska kafin a kunna ta. Janareto kada ya kwana kusa da taga.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a wajenmu. A yi barci da na'ura har asuba, a tashi salla, a dawo a koma barci ba ita, wai ai saura kaɗan gari ya waye. To barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa naman jiki ya fi saki, shi ya sa ɗaukewar numfashin mutane da yawa ta fi tsananta a lokacin. Wannan awa ɗaya ko biyun na iya zama dalilin ciwon kan safe da gyangyaɗin hantsi, mutum na cewa na'ura ba ta aiki. Haka barcin bayan sahur, haka na rana. Awa 4 a dare da ake yawan ambata ma'auni ne da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ke amfani da shi don sanin ko mutum na saka na'urar, ba wai daga nan maƙogwaro ya daina toshewa ba. In ka farka ka ga ka fizge takunkumin cikin barci, mayar da shi kawai, wannan na raguwa da sabo.

Maganar wuta tun kafin saye ake yin ta. In an ɗauke wuta mutum farkawa yake ya cire takunkumin, babban takunkumin ma yana da ƴar ƙofar da ke buɗewa da kanta in iska ta tsaya, amma ragowar daren ya tafi a banza. Ƙaramin inbata ko batirin sola na iya riƙe ta har safe, musamman in aka kashe ɗumama ruwan, don shi ya fi cin wuta.

Saboda tsada mutane na sayen ta hannu ko su karɓi ta ɗan'uwa daga waje. Lambar ƙarfin iska da ke ciki ta maƙogwaron wani ce. Yawancin na'urori na aiki tsakanin 4 da 20, kuma likita ne zai ce ina taka ta tsaya. In ta yi ƙasa minshari ya dawo, in ta yi sama ka haɗiyi iska ka tashi da kumburin ciki da gyatsa. A duba samfurin ma: a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki na iya ruɓewa ya bi iska, zafi da laima kuma na gaggauta ruɓewar. Takunkumi, tiyo da filta dai a sayi sababbi.

Wanda ya yi wata biyu ya ji ƙarfi ya dawo kan ce ya warke. Na'urar kamar tabarau take, ranar da ka cire matsalar na nan, cikin ƴan kwanaki minshari da gyangyaɗi za su dawo, wanda ga direba ba ƙaramin abu ba ne. Rage ƙiba na iya sauya lambar da kake buƙata, amma gwaji ne zai nuna. Ƙwayar barci kuma kada a sha ta don a jure takunkumi sai da sanin likita, wasunsu na ƙara sakin maƙogwaro.

Yawancin na'urorin na ajiye bayanin kowane dare a ɗan katin da ke jikinsu: awa nawa ka yi, iska nawa ta tsiyaye, sau nawa numfashi ya tsaya. In ka yi mako biyu abin bai daidaita ba, ɗauki na'urar da takunkuminta ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka saka a gabansa ya ga inda take tsiyaya.