Yadda za ku bi aikin kwalbatin garinku tun daga ƙofar Jauro har sakateriya

A karkarar Gombe, daga Akko zuwa Kwami har Funakaye, da wuya ka sami garin da ba shi da wani kwari guda da ke yanke shi da zarar ruwan Agusta ya kankama. Mai babur yana wancan ƙetare, mai naƙuda tana wannan, buhunan taki kuma suna jiƙewa a gaɓa. Duk shekara a yi ta maganar a gindin darbejiya, kaka na yi kowa ya shiga harkar gabansa. Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, kuma duk aikin da na ga ya tabbata, sai da wasu mutane ƙalilan suka bi shi da takarda da ƙafa, a kan lokacinsa. Ga yadda ake bi. Na ɗauki kwalbati a matsayin misali, amma hanyar ɗaya ce ko rijiyar burtsatse kuke nema ko rufin aji.

Ku fara da Jauro, ko dagaci, ko mai unguwa, duk yadda kuke kiransa a wajenku. Mutum biyu ko uku su same shi a gida kafin a kira kowa, su ce: "Allah ya ja zamaninka, mun zo ne kan maganar kwarin nan, muna neman izininka a tara jama'a." Shi zai sa rana, shi zai aika a kira. A tabbata liman yana wurin, da fasto in garin akwai coci, da sarkin noma, da shugaban 'yan acaɓa, da Arɗo, domin sau da yawa mashigar da kuke son ginawa ita ce hanyar shanu. Mata kuwa a yi musu zamansu daban, a Islamiyya ko a gidan wata dattijuwa da ake jin maganarta, a rubuto abin da suka ce. Su ke kai yara asibiti, sun fi kowa sanin ranakun da hanyar ba ta biyuwa.

A wurin taron buƙatu za su yi ta fitowa: ruwa, taransifoma, ɗakin haihuwa, katangar maƙabarta. Duk gaskiya ne. Amma ku fita da aiki ɗaya tak, sauran a rubuta su a jere don shekaru masu zuwa. Takardar da ta ɗauko buƙata tara tana ba jami'i damar ya ce duk an ji, ba tare da ya ɗauki ko guda ba.

Mataki na biyu, ku gano aikin na wane ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka da kwashe shara, sannan tana da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Saboda haka kwalbatin da ke kan hanyar ƙauye nata ne. In kuwa a kan babban titin Gombe zuwa Yola yake, wanda ya ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo, wannan na Gwamnatin Tarayya ne, ciyaman sai dai ya taya ku kai kuka. Ruwan sha a karkara akwai hukumar RUWASSA ta jiha, ginin firamare akwai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wutar lantarki kuma kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kula da Gombe da Bauchi. Wata uku na iya tafiya a banza don kawai an kai takarda ofishin da ba nasa ba.

Na uku, kwamiti. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: shugaba, sakatare mai iya rubutu, ma'aji, wakiliyar mata, wakilin matasa. Ra'ayina, kada ma'aji ya fito gida ɗaya da shugaba, kuma kada a ba ɗan takara ko jami'in jam'iyya shugabanci, komai kirkinsa. Ranar da mulki ya koma hannun wasu, takardarku za ta zama ta 'yan adawa. Ku yi wa ƙungiyar rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ku buɗe asusun banki da sunanta, masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Kuɗin gari kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da liman ne. Wannan kariya ce gare shi, domin zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya zaga gari.

Na huɗu, ku tara shaida tun ruwa na sauka. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a ɗauki hoto da bidiyo a waya, a kafa turke inda ruwan ya kai, a auna faɗin kwarin da zurfinsa. Sakatare ya rubuta ranakun da hanya ta yanke da abin da ya faru: yara nawa ba su je makaranta ba, mota nawa ta juya ran kasuwa. Sannan ku roƙi sashen ayyuka su turo injiniya ya duba. Shi zai ce kwalbatin zobe ya isa ko sai mai kusurwa huɗu, ya kuma fitar muku da ƙiyasin siminti da rodi da tsakuwa. Ku kai shi wajen dattijon da ya fi kowa daɗewa yana noma a bakin kwarin, ya nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi ambaliya, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kwalbatin da ya yi wa ruwa kaɗan, ruwan zai zagaye shi ya ci hanyar ta gefe, a wayi gari gini na tsaye shi kaɗai a tsakiyar rafi.

In rijiya ce aikinku, a nan ne za ku dage sai an yi gwajin ƙasa kafin a kawo injin haƙa. A yankin Dukku da wasu sassan Kwami da Akko ruwa yana da nisa ƙwarai, ƙiyasin da aka yi wa wani gari ba lallai ya yi muku ba. Filin da za a yi aikin kuma, ko kyauta aka bayar, a rubuta, mai shi da magadansa su sa hannu a gaban Jauro.

Yanzu sai takarda, kuma a nan ne yawancin garuruwa ke faɗuwa. Shafi ɗaya ya wadatar. A rubuta ta zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun kansilan mazaɓarku, Jauro da Hakimi su sa hannu da hatimi. A ciki a faɗi sunan gari da mazaɓa, inda matsalar take, garuruwan da ke bin hanyar, abin da injiniya ya ƙiyasta, da abin da ku kanku kuka ɗauki nauyi: yashi, duwatsu, ruwa, leburori. Wannan layin na ƙarshe shi ke bambanta takardarku da sauran da ke kan tebur. A liƙa hotuna uku ko huɗu. In da Turanci aka rubuta, a karanta wa jama'a fassararta a masallaci kafin a kai.

Ku yi kwafi aƙalla biyar. Ku kai da kanku sakateriya, Kumo ce ko Malam Sidi ko Bajoga ko Deba, zuwa da kai ya fi saƙo. Ku miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, ku tsaya sai an buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Kada ku miƙa wa ciyaman takarda a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya. Za ta shiga aljihun wani ɗan rakiya, shi ke nan. Mu ma mun taɓa rasa shekara guda cur a haka, da muka koma aka ce ba a ga komai a fayil ba, mu kuma ba mu da abin nunawa. Bayan mako biyu sakatare ya koma ya tambayi inda takardar ta kai, wane tebur, wace rana, ya rubuta a littafi. Ya riƙa komawa cikin ladabi, yana gaida masinja da akawu kamar yadda yake gaida darakta, domin su suka san inda fayil yake kwance. Kwafi ɗaya ya tafi wajen ɗan majalisar jiha, ɗaya wajen ɗan majalisar wakilai, ko aikin zai shiga cikin ayyukan mazaɓa.

Lokaci ma yana da nasa. Shekarar kasafin kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake tsara na baɗi. Takardarku ta isa a Satumba ko farkon Oktoba, ruwa bai gama ɗaukewa ba, ɓarnar tana nan a fili. Abin da za ku nema wurin kansila a fili yake: "Honarabul, so muke mu ga sunan garinmu a cikin kasafi." Alkawarin baki daɗi gare shi, amma ma'aji da abin da ke rubuce yake biya. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma mutanen da aka zaɓa ne za su riƙe su. Don haka tambayar ciyaman me aka ware wa mazaɓarku haƙƙinku ne, ku yi ta ba tare da ɗaga murya ba.

Kuna jira kuna tara naku. Da kaka ake karɓar gudummawa, lokacin da masara da wake da gyaɗa ke gida. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da mudu. 'Yan gari mazauna Gombe da Abuja da Legas a tura musu hoton rasit ta WhatsApp. Duk wanda ya bayar a yanka masa rasit, duk wata a karanta shiga da fita a bainar jama'a. Gwauraye mata da tsofaffi marasa ƙarfi a ɗauke musu.

Aikin kansa da rani ake yi, a gama kafin ruwan farko. Ko ɗan kwangila aka turo, ku sa mutum biyu su riƙa ƙirga buhunan siminti da suka sauka da waɗanda aka fasa. Kwaɓin da aka saba shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in injiniya ya faɗi wani. Bayan an zuba, a riƙa shayar da kankaren ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, wannan aikin gayya ne na matasa, kuma kada tifa ta hau sai ya kwana 28. A bakin da ruwa ke fita a yi daɓen duwatsu da siminti, a dasa ciyawar jema a gaɓa biyu don ta riƙe ƙasa.

Kafin a watse ranar buɗewa, a naɗa mutum biyu da za su riƙa yashe bakin kwalbatin, sau ɗaya a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, sannan bayan kowane ruwa mai ƙarfi, don karan dawa da leda da yashi su ke toshe shi. A bar wani abu a asusu saboda buhu biyu ko uku na siminti in tsaga ta bayyana. Littafin da kwafin takardun kuma a ajiye su a gidan Jauro cikin akwatin ƙarfe, inda gara ba za ta kai ba, sakatare na gaba ya same su in an zo kan aiki na biyu a jerin.