Yadda ake yi wa ƙungiya rajista a Damagaram

Dokar da ake bi ita ce doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991.

1. Ku kira babban taron kafa ƙungiya, ku zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. A rubuta rahoton taron a ranar, mahalarta su sa hannu.

2. Ku rubuta kundin tsarin ƙungiya da dokokin cikin gida da Faransanci: suna, manufa, mazauni, wa'adin shugabanni, inda kuɗi ke fitowa, da inda dukiya za ta tafi idan ƙungiya ta rushe. A nan aka fi tuntuɓe. Doka ta hana ƙungiyar ƙabilanci ko ɓangaranci, don haka kada a keɓe shiga ga ƴan ƙabila ɗaya. Haka kuma ba a raba riba tsakanin mambobi. Ku sa ƙa'idar cewa sai da sa hannun mutum biyu ake cire kuɗi, tun ba a fara zargin juna ba.

3. Ku haɗa jerin shugabanni da sana'arsu da adireshinsu. Sunan kowa ya zo daidai da na katin shaidarsa, harafi da harafi.

4. Ku kai takardun ofishin magajin gari, ku karɓi takardar shaida ta wucin gadi. Ita ba izini ba ce. Izinin daga ministan cikin gida yake fitowa, a Yamai.

5. Izini na zuwa, ku biya a buga sanarwa a jaridar hukuma, Journal Officiel. Duk sauyin shugabanni ko na kundi daga baya, a sanar da hukuma a rubuce.