Kada ku sayi na'urar yanka takarda, bokitin ruwa ya isa

Jama'a, in kuna da tsofaffin takardu masu ɗauke da lambar BVN, NIN ko bayanan asusun banki, ku jiƙa su kawai.

Ku yayyaga su gida huɗu, ku zuba a bokiti da ruwa da ɗan omo. Su kwana a ciki. Da safe ku dama da hannu har su koma kamar ƙullu, ku matse, ku zubar a shara.

Takarda zaren itace ce da aka danne aka busar. Ruwa na kwance zaren, rubutun ya watse, ba mai iya haɗa shi kuma.

Almakashin nan mai baki biyar da ƙaramin injin da ake juyawa da hannu, waɗanda ake ta tallatawa a intanet, asarar kuɗi ce wallahi. Takarda uku sun shaƙe su. Kuma tsaye suke yankawa, siri-siri, mai haƙuri zai jera ya karanta. Na lantarki kuwa sai an kawo wuta.

Don Allah kada ku jefar da takardun ɗungurungum. Kun san takardun gidajenmu wajen mai ƙosai da mai tsire suke ƙarewa, lambobin nan 11 na BVN ko NIN suna fili.

Inda dabarar ba ta ci: takardar da aka lulluɓe da roba da katin ATM, ruwa ba ya shigarsu. Waɗannan sai almakashi, ku datse ta kan lambobin da ƙarfen nan mai ruwan zinare. Takarda mai sheƙi tana son kwana biyu.

Kuma kada ku juye ƙullun a magudanar ruwa, toshe ta zai yi.