Yadda Ake Shuka Bishiyar Betula Nigra a Harabar Gida

Bishiyar Betula nigra, wadda Amurkawa ke kira river birch, asalinta bakin koguna da fadamun gabashin Amurka ne, daga New Hampshire zuwa arewacin Florida, har yamma zuwa Texas. Ana son ta saboda ɓawonta da ke ɗaɗɗayewa kamar takarda, yana bayyana launin kirfa da ja-ja, kuma ta fi 'yan uwanta masu farin ɓawo jure zafi da ƙwaron da ke huda gangar jikinsu. Duk da haka bishiyar ƙasashen sanyi ce, ba ta dace da yankin Sahel ba.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Tsayinta yakan kai mita 12 zuwa 21, saiwoyinta kuma suna yaɗuwa kusa da saman ƙasa suna bin ruwa, don haka a bar tazarar kamar mita 6 tsakaninta da gini, a kuma nisanta ta da bututun ruwa. Tana son rana da ƙasa mai riƙe danshi, ko da laka ce da ruwa ke kwanciya a kanta na ɗan lokaci. Abin da ba ta yafewa shi ne ƙasa mai yawan farar ƙasa, domin idan ma'aunin pH, wanda ke hawa yayin da tsamin ƙasa ke raguwa, ya haura 6.5 saiwoyin kan gaza zuƙar sinadarin ƙarfe, ganyen ya koma ruwan ɗorawa alhali jijiyoyinsa suna kore. Gwada ƙasa kafin shuka ya fi neman magani daga baya sauƙi ƙwarai.

A haƙa rami mai faɗin dunƙulen saiwa sau biyu, amma kada zurfinsa ya wuce tsayin dunƙulen. Bayan an mayar da ƙasa, a shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ba tare da ya taɓa gangar jikin ba, sannan a riƙa ba ta ruwa sosai kowane mako a shekaru biyun farko, domin ƙishirwa kan sa ta zubar da ganye tun lokaci bai yi ba.

Kada a datse mata rassa daga ƙarshen hunturu zuwa watan Afrilu, domin a lokacin ruwan jikinta yana tsiyaya daga duk inda aka yanka. A jira har watan Agusta ko Satumba.